Kwana huɗu a ofis, kwana ɗaya a jami'a: yadda na shiga digirin koyon aiki a Ingila

Toh bari dai in zauna in rubuta wannan abu sau ɗaya in huta, domin duk inda muka haɗu da mutanenmu a nan Manchester, ko wajen suna ko walima ko bayan sallar Idi, sai wata uwa ta ja ni gefe tace wai da gaske ne kina jami'a kuma ana biyanki albashi kuma ba ki ci bashin gwamnati ba? Da gaske ne. Sunan tsarin degree apprenticeship, ni dai digirin koyon aiki nake ce masa, kuma yanzu ina shekara ta uku a ciki, ɓangaren kwamfuta.

Abin da ya kamata mutum ya fara ganewa shi ne aiki za ka nema ba makaranta ba. Kamfani ne zai ɗauke ka cikakken ma'aikaci, da kwantiragi da albashi da hutu da komai, shi kuma kamfanin ya riga ya ƙulla yarjejeniya da wata jami'a da za ta riƙa koyar da ma'aikatan nasa, sai ya zama kana aiki kana karatu har ka fito da digiri irin na kowa. A 2015 gwamnati ta fara tsarin a Ingila. Akwai mataki na 6 wanda shi ne digirin farko, akwai mataki na 7 wanda yake daidai da mastas, kuma yana ɗaukar shekara 3 zuwa 6 gwargwadon fannin. Kuɗin makarantar kuma ba daga sama yake faɗowa ba, tun watan Afrilun 2017 duk kamfanin da jimillar albashin da yake biya a shekara ya haura fam miliyan 3 ana cire masa kashi 0.5 cikin 100 a matsayin harajin koyon aiki, to daga wannan asusun ake biyan jami'a. Shi ya sa manyan kamfanoni suka rungumi abin, kuɗinsu ne an riga an cire, gara su horar da mutane da shi. Kuma dan Allah kar a haɗa shi da IT ɗin da ɗalibai ke zuwa a Najeriya na SIWES, wancan wata ne kaɗan ka koma aji, wannan kuwa ofis ɗin shi ne gidanka tun daga ranar farko.

Mu a 2016 muka zo ƙasar nan daga Kano ina ƙaramar sakandare, Baba yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti. Na yi GCSE a nan, wato jarrabawar gama sakandare, na shiga A-level, shekara biyun da ake yi kafin jami'a, na ɗauki lissafi da kimiyyar kwamfuta da tattalin arziki. Ni da farko ban ma san da wani tsari ba bayan jami'a ta yau da kullum, abin da ya kai mu ga neman wata hanya shi ne maganar riba. A lokacin kuɗin makaranta fam 9,250 ne a shekara, shekara uku kenan 27,750, ban da bashin ci da sha da haya wanda shi ma ake karɓa daban. Kuma mu ne rukunin farko da sabon tsarin bashi ya faɗa wa, wanda suke kira Plan 5, na waɗanda suka fara daga Agustan 2023: da zarar albashinka ya wuce fam 25,000 za a riƙa cire kashi 9 cikin 100 na abin da ya haura, kuma sai bayan shekara 40 ake yafe ragowar, ga kuɗin ruwa yana hawa. Baba tun ina aji na ƙasa yake cewa shi dai wannan bashi bai kwanta masa a rai ba. Na san malamai sun yi saɓani, akwai masu ganin lalura ce akwai masu cewa a'a, ni ba malama ba ce ba zan yi wa kowa fatawa ba, ina da ƙawaye masu tsoron Allah da suka karɓa. Tun 2013 David Cameron yana firaminista ya yi alƙawarin za a kawo tsarin tallafin karatu wanda babu riba a ciki saboda Musulmi, har na zo cike fom shiru kake ji. Kuma biyan 27,750 daga aljihu, mu huɗu ne a gidanmu ni ce babba, ga 'yan uwa a gida da ake yi wa aike duk wata, lissafin ba ya fita.

Wata malamarmu mai ba da shawarar sana'a ce ta fara yi min maganar a ƙarshen shekarar farko ta A-level. Da na kawo gida na ɗauka Baba zai yi murna tunda ga hanyar da babu bashi, sai na ga ya yi shiru. Yace "Wato aiki za ki fara kafin karatu?" Nace "Baba tare za a yi." Yace "In kamfanin ya gaji da ke fa? In an tambaye ni wace jami'a 'yata take in ce me?" Umma ce ma ta fi saurin fahimta, ita nata lissafin na kuɗi ne kawai. Da Baba ya kira Kawu a Kano yana ba shi labari sai Kawu ya yi dariya yace ai wannan tsarin yaran Kantin Kwari ne Turawa suka sa wa kwat, ubangida ya riƙe ka ya koya maka harka shekaru sannan ya sallame ka da jari, sai dai nan jarin takarda ce. Wallahi maganar Kawu ta fi duk bayanina aiki. Duk da haka sai da muka je wani taron buɗe ƙofa da yamma a wata jami'a, Baba ya tsare wani lakcara da tambaya ko takardar digirin tana da bambanci da ta sauran ɗalibai, mutumin yace jami'ar ce ke ba da digirin da sunanta da hatiminta, kuma ana yin bikin yaye ɗalibai da riga da hula kamar kowa. A mota Baba ya gindaya sharaɗi biyu, na farko dole in cike UCAS, wato fom ɗin neman gurbin jami'a na yau da kullum, kamar sauran 'yan ajinmu ko da wannan bai yiwu ba, na biyu ba zan bar gida in je wani gari in kama haya ni kaɗai ba. Sharaɗi na biyun nan ya rage min zaɓi sosai, domin Rolls-Royce suna Derby, Jaguar Land Rover suna wajen Coventry da Birmingham, Dyson na da nasu makarantar a Malmesbury, bankuna da yawa suna Landan, duk na cire su. Na tsaya a inda tiram ko jirgin ƙasa zai kai ni in dawo in kwana a gida.

Sai maganar lokaci, kuma a nan yara da yawa ke makara. UCAS tana da ranar rufewa ɗaya ga yawancin kwasa-kwasai da kowa ya sani, a shekararmu 25 ga Janairun 2023 ce, zaɓi biyar, takardar bayanin kai ɗaya, makaranta na bin ka tana tuna maka. Digirin koyon aiki babu wannan. Kowane kamfani da ranar da yake buɗewa da ranar da yake rufewa, manya suna fara talla tun Satumba da Oktoba, wasu kuma da zarar sun ga masu nema sun yi yawa sai su rufe tun kafin ranar da suka rubuta. Ƙananan kamfanoni da ƙananan hukumomi su kuma sai wajen Fabrairu zuwa Mayu. Ni ina duba shafin gwamnati mai suna Find an apprenticeship, ina duba na UCAS, ina kuma shiga shafukan kamfanonin kai tsaye saboda wasu a can kawai suke sawa. Na buɗe teburi a Excel na rubuta sunan kowane kamfani da ranar rufewa da matakin da nake, in ba haka ba kai zai ɗaure. Abin daɗin shi ne babu iyaka, ka nemi ko nawa kake so, kuma ba ya cin komai daga zaɓi biyar ɗinka na UCAS. Abin da ba daɗi kuma, wanda ba a cika faɗa wa mutane ba, yawanci ba kai ke zaɓen jami'a ba. Kamfanin da ya ɗauke ka shi ya san da wa ya yi yarjejeniya, in da Manchester Metropolitan yake aiki can za ka, in da Open University ne to karatunka ta intanet zai fi yawa. Wanda burinsa sunan wata jami'a takamaimai ya san da wannan tun wuri.

Matakin farko fom ne da CV da tambayoyi irin su me ya sa kike son kamfaninmu. Ni matsalata ta farko ita ce me zan rubuta a wajen gogewar aiki, yarinya 'yar 17 wace gogewa? Malamar nan ce ta zaunar da ni tace faɗa min abin da kike yi Asabar da Lahadi. Nace ina koyar da ƙananan yara a Islamiyya, kuma ina taya Umma sana'arta, tana yin cincin da dubulan da alkaki ana oda ta WhatsApp musamman lokacin biki da Sallah, ni na haɗa mata teburin da ke lissafa oda da kuɗin fulawa da mai da ribar da ta rage saboda da can a littafi take rubutawa yana ɓacewa. Matar nan ta kalle ni tace wannan ai shi suke nema. Kuma haka ne, a duk intabiyun da na yi labarin teburin cincin ɗin Umma ya fi maki na jarrabawa jan hankalinsu.

Bayan fom sai gwaje-gwaje ta intanet. Akwai na lissafi da agogo na gudu, akwai wanda za a ba ka labari, misali abokin aikinka ya yi kuskure kuma manaja ba ya nan kuma kwastoma na jira, a jero maka amsoshi ka zaɓi wadda ta fi da wadda ta fi muni, wasu kamfanonin ma kamar wasan gem suke yin nasu. Wannan dai sai yawan gwaji, akwai na kyauta a intanet, ba zan daɗe a kai ba.

Inda na sha wuya shi ne intabiyu ta bidiyo wadda babu mutum a ɗaya gefen. Tambaya za ta fito a allo, a ba ka ɗan lokaci ka yi tunani, sai kyamara ta kunna kanta ka yi magana wajen minti biyu kana kallon fuskarka, in lokaci ya cika ta yanke ko kana tsakiyar jimla. Ga gidanmu ba shiru, sai na roƙi Umma ta fita da ƙannena sannan in rufe ƙofa in jera littattafai in ɗora laftof. Amma hayaniya ba ita ce babbar matsalar ba. Mu an tashe mu da kunya da kawaici, yarinya ba ta zama ta yi ta yabon kanta, in an yabe ki ma sai ki sunkuyar da kai ki ce ai yin Allah ne, ba ki ƙura wa babba ido. Su kuma a nan abin da suke ba maki a kai kenan, ki kalli ido ki faɗi abin da ke kika yi da bakinki. Da muka yi gwaji da malamata sai tace duk amsoshina mun yi kaza mun yi kaza ne, ita ba ta ga inda ni nake a ciki ba. Ta koya min tsarin da ake kira STAR, wato ka faɗi halin da aka shiga, da abin da ya rataya a wuyanka, da matakin da kai ka ɗauka, da abin da ya biyo baya. Na riƙa yi a gaban madubi ina jin kaina kamar mai girman kai. Daga baya na sasanta da raina a kan cewa ba ƙarya nake yi ba kuma ba ƙari, abin da ya faru nake faɗa, tarbiyyar gida kuma tana nan inda take, har yau ba na iya kallon idon Baba in yana min faɗa.

Sai ruwan imel na ba mu ɗauke ki ba. Sun zo da yawa, wasu cikin kwana biyu wanda ka san ko mutum bai karanta ba na'ura ce ta tace, wasu kuma bayan na ɓata dare guda a kan gwajinsu ko amsa ba su turo ba har yau. Duk wannan yana faruwa ne a daidai lokacin jarrabawar gwaji ta A-level, ka dawo makaranta da aikin gida ga fom na jira. Gurabe kaɗan ne masu nema kuma dubbai, domin ba 'yan makaranta kaɗai ba ne, babu iyakar shekaru a sama, za ka tarar da mai shekara 25 da ya riga ya yi aiki yana neman gurbi ɗaya da kai. A nan na gane hikimar sharaɗin Baba na farko, da jami'o'i suka fara turo min ofa ta UCAS sai hankalina ya ɗan kwanta.

Matakin ƙarshe shi ne ranar tantancewa a ofishin kamfani, tawa ta faɗo a cikin azumin 2023, ƙarshen Maris. Tun a imel na gaya musu ina azumi kuma zan buƙaci wajen sallar azahar, suka ce babu damuwa, aka nuna min wani ɗan ɗaki. Na faɗi wannan ne saboda yaranmu da yawa suna tsoron tambaya kar a ce sun cika fitina, ni ban ga ya rage min komai ba. An raba mu rukuni-rukuni aka ba mu matsala, wai kamfani na da kuɗi kaɗan da ayyuka da yawa wanne za a fara, ma'aikata na zaune a gefe da takarda suna rubutu ba sa cewa uffan. Wani yaro a rukuninmu ya kama magana ya ƙi saki, yana katse kowa, ni kuma can na lura wata yarinya tun da aka fara ba ta ce komai ba sai nace bari mu ji ra'ayinta, kuma ni na riƙa duba agogo ina tuna musu saura minti kaza. Bayan na fara aiki ɗaya daga cikin masu rubutun nan ta gaya min abin da suka rubuta a kaina kenan. Yaron kuma ban gan shi a cikinmu ba a watan Satumba. Bayan aikin rukuni sai gabatarwa ta 'yan mintuna, sai intabiyu da mutum biyu, manaja da wata daga sashen ma'aikata.

Kafin ƙaramar Sallah suka kira ni a waya. Ofa ce mai sharaɗi, sai na samu maki 112 na UCAS, wato kamar B biyu da C ɗaya a A-level, tunda A maki 48 ne, B 40, C 32, da kuma aƙalla sakamako mai lamba 4 a lissafi da Turanci na GCSE wanda dama ina da su. Ban saki gurbina na UCAS ba, na riƙe duka biyun har ranar sakamako, Alhamis 17 ga Agustan 2023. Sakamako ya yi kyau alhamdulillah, na tura wa kamfani hoton takardar suka tabbatar, sannan na shiga UCAS na saki ɗaya gurbin. Sai takardu, fasfo, lambar shaidar izinin aiki da ake cirowa a shafin gwamnati, hujjar cewa na zauna a ƙasar shekara uku da suka wuce. Akwai kuma takardu biyu da ake sa wa hannu, yarjejeniyar koyon aiki tsakanina da kamfani, da tsarin horo wanda mu uku muke sa hannu, ni da kamfani da jami'a. Baba sai da ya karanta su layi-layi da tabarau.

Kwas ɗina sunansa Digital and Technology Solutions, shekara huɗu, na karkata ɓangaren rubuta manhaja. Kwana huɗu ina ofis kwana ɗaya ina jami'a. Wasu kamfanonin ba haka suke yi ba, sai su tattara karatun su tura ka mako guda ko biyu a jere sannan ka dawo aiki. A ƙa'idar da na shiga da ita dole a ba ka aƙalla awa 6 a mako cikin lokacin aikin da ake biyanka don karatu, kuma sai ka riƙa rubuta awannin nan a wani shafi, aikin da kowa ya tsana amma in ka bari ya taru za ka yi kuka. Kusan duk mako 12 muna zama mu uku, ni da manajana da mai kula da ni daga jami'a, a duba ina aka kwana. Amma kar wanda ya ruɗe ka da awa 6 ɗin nan, ba ta isa. Asayimen da karatun jarrabawa da daddare ne da ƙarshen mako. Akwai lokacin da aiki ya yi zafi a ofis ana shirin sakin wata manhaja, ga asayimen biyu na jami'a a mako ɗaya, wani babba a tim ɗinmu yace ko zan bar zuwa lakca a wannan makon in taya su, nace a'a ranar karatuna ce kuma tana cikin takardar da aka sa wa hannu, manajana ya goya min baya. Sai ka iya faɗin haka da ladabi, in ba haka ba ranar za ta riƙa zaizayewa.

Abin da na fi so shi ne abin da aka koya min ranar Talata ina ganinsa a aiki ranar Laraba. Lokacin da aka zo darasin rumbun bayanai 'yan ajinmu duk mun riga mun taɓa na gaske a ofis, har mukan yi gardama da lakcara cewa a wajenmu ba haka ake yi ba. Abin da na rasa kuma shi ne rayuwar jami'a. Ƙawayena da muka gama tare suna da hutun bazara na wata uku, suna cikin ƙungiyar ɗalibai Musulmi suna shirya buɗa-baki da tafiye-tafiye, ni ina shiga harabar da safe in fita da yamma. Doka ta ba afirentis, wato mai koyon aiki, aƙalla kwana 20 na hutu da albashi ban da ranakun hutun ƙasa, nawa ya ɗan fi haka, amma daga ciki zan cire ranar Sallah ƙarama da babba tunda ba hutu ba ne a nan, daga ciki zan cire na karatun jarrabawa, abin da ya rage shi zan kai Kano. Bikin 'yar Kawu mako ɗaya kawai na samu, Hajiya kakata har yau tana min ƙorafi wai na zo kamar mai kawo saƙo.

Maganar kuɗi. Mafi ƙarancin albashin afirentis a doka kaɗan ne, lokacin da na fara fam 5.28 ne a awa, ya koma 6.40 a 2024, ya koma 7.55 a Afrilun 2025, kuma wannan na wanda bai kai 19 ba ne ko wanda ke shekararsa ta farko. Manyan kamfanoni suna biyan fiye da haka nesa, ni na fara da wajen fam 20,000 a shekara kuma ana ƙara min duk shekara. Ana cire haraji a kan abin da ya haura 12,570, ana cire inshorar ƙasa da fansho. Kuma ba ka da damar karɓar bashin ci da sha na ɗalibai, albashinka shi ne komai naka. Ni da nake gida ya ishe ni har ina sa hannu a cefane ina tara wani abu, amma abokan karatuna da suka baro garuruwansu suka kama ɗaki, haya na cinye kusan rabi. Wanda zai je Landan ya zauna ya yi lissafi da kalkuleta kafin ya yi murna.

Tambayar Baba ta in kamfani ya gaji da ke fa, tana da amsa. In an rage ma'aikata aka sallame ka gwamnati na ci gaba da biyan karatun har mako 12 kana neman wani kamfanin da zai karɓe ka, in kuma ka kusa gamawa ana barinka ka ƙarasa. In kai ka ajiye da kanka ba a yarda kamfani ya ce ka biya kuɗin karatun da aka kashe ba, sai dai ka rasa aikin ka rasa gurbin a tare. Wannan ne ma ya sa ba na ba kowa shawarar ya shiga. Wanda bai san me yake so ya zama ba, ko wanda yake son ya karanta tarihi ko falsafa don son ilimin, ko yake son ya gwada wannan ya gwada wancan, jami'a ta yau da kullum ta fi masa. Nan kana da shekara 18 ka riga ka zaɓi sana'a, canza kwas ba kamar zuwa ofishin sashe ka cike fom ba ne. A ƙarshe kuma bayan jarrabawoyin jami'a akwai tantancewar ƙarshe, a namu kwas ɗin babban firojek ne a kan wata matsala ta gaske a wajen aikinka, ka rubuta rahoto ka gabatar, sannan a zauna da kai ana tambayarka a kan ayyukan da ka tara tun farko. Ni yanzu muna kan ja-in-ja da manajana a kan wane aiki zan ɗauka.

Ba kwamfuta kaɗai ba ce. Akwai na aikin jinya a NHS, hukumar asibitocin gwamnati, akwai na ɗan sanda, injiniya kala-kala, safiyo, gudanar da kasuwanci, akwai na lauya wanda yake shekara 6. Sai dai daga Janairun 2026 gwamnati ta taƙaita biyan mataki na 7 ga waɗanda ba su wuce shekara 21 ba lokacin farawa, manya masu son mastas ta wannan hanya su lura. Kuma duk abin da na faɗa na Ingila ne, Scotland nasu daban ne suna kiransa Graduate Apprenticeship, Wales ma da nasu dokokin.

Sai tambayar da 'yan uwa daga gida suka fi turo min, Anti ko Yaya dan Allah ya zan nema daga Najeriya. Gaskiya ba zan ɓoye muku ba, ba hanyar shigowa ƙasar ba ce. Sai kana da izinin aiki, kuma a ƙa'ida sai ka zauna a Birtaniya shekara uku kafin ranar farawa, zaman da aka yi da bizar karatu kuma ba ya shiga lissafi. Yaran da iyayensu suka zo aiki suka taho da su, su ne ya kamata su bincika matsayinsu tun suna shekarar farko ta A-level, su tambayi kamfanin da jami'ar a rubuce. Wani ɗan uwanmu a Kaduna ya turo min tallar wani ejan da yace a ba shi kuɗi zai samo masa gurbi har da biza, nace masa kar ya tura ko sisi. Neman gurbin kyauta ne daga fom har intabiyu, kuma kamfanin da kansa yake ɗauka, babu ɗan tsakiya.